Shin in yi shiru har sai na samu babbar tambaya?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a shekara ta biyu a kwalejin aikin gona. In ana darasi tambayoyi kan zo mini, amma duk ƙanana ne. Misali, me ya sa ake share gona tas kafin shuka, har da tohon sabara da kalgo? Me ya sa gawo yake zubar da ganye da damina, alhali lokacin ne sauran itatuwa suke yin kore? Na taɓa yin irin wannan tambaya, 'yan aji suka bushe da dariya, wani ya ce tambayar 'yan firamare ce. Tun daga ranar na kame bakina. Shin ya fi kyau in yi shiru har sai na samu tambaya mai nauyi?

Amsa: Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka rubuto. Kada ka yi shiru. Kuma ba lallashinka nake yi ba. Tambayarka ta farko, wadda ta shafi sharar gona, ita ce ta sauya kamannin gonakin jihohin Maraɗi da Damagaram a Nijar cikin shekara arba'in ɗin nan. Zan ba ka labarin da ɗan tsawo, domin a fanninmu ya faru, kuma a ƙasar Hausa.

Bayan babban farin da ya afka wa yankin Sahel a farkon shekarun 1970, gwamnatoci da ƙungiyoyin agaji sun duƙufa kan dashen itatuwa. Aka buɗe wuraren reno, ana shuka iri a leda, ana ba shi ruwa, in damina ta sauka a loda a mota a kai ƙauyuka. Yawanci dogon yaro ne da turare. Wasu wuraren an dace, kamar layukan dogon yaro masu tare iska da aka fara dasawa a kwarin Majiya na jihar Tawa a 1975. Amma a mafi yawan wurare dashen mutuwa yake yi. Kai ma ka san dalili: ɗan itacen da saiwarsa ba ta wuce tsawon leda ba, an bar shi ya fuskanci rani na wata takwas, ga gara, ga awaki, ga iska mai ɗauke da yashi, ga rijiyar da ko ruwan sha da ƙyar take isar mutanen gari.

Cikin masu wannan aiki akwai wani masanin noma ɗan ƙasar Ostireliya, Tony Rinaudo, wanda ya zo Maraɗi a farkon shekarun 1980 a ƙarƙashin ƙungiyar mishan ta SIM. Ya yi ta dashe yana mutuwa, har ya kusa fid da rai. Wata rana a 1983, yana kan hanyar kai dashe ƙauye, ya tsaya ya rage iskar tayoyi don motar ta iya ratsa rairayi. Yana tsaye idonsa ya faɗa kan wani ɗan kurmi a bakin hanya, irin waɗanda ya saba wucewa kullum yana ɗauka ciyayi ne marasa amfani. Wannan karon sai ya taka ya je ya duba. Da ya kalli ganyen ya gane itace ne sosai, wanda aka sare, kututturen yana raye a ƙasa yana ta fitar da toho. Ya ɗaga kai ya duba fili, ko'ina ga irinsu. Ashe dajin da ake ta kuka ya ƙare yana nan a ƙarƙashin ƙasa. Duk shekara yana yunƙurin fitowa, duk shekara ana sassabe shi a tara a cinna masa wuta kafin shuka.

Ka lura da irin tambayoyin da masana suke yi kafin wannan rana. Wane iri ne ya fi jure fari? Lita nawa ta ruwa dashe yake buƙata a mako? Wane shinge ne zai hana akuya? A wane wata ya fi kyau a dasa? Duk tambayoyi ne masu nauyi, irin waɗanda in ka yi su a aji babu mai yi maka dariya. Amma dukkansu sun zauna a kan abu guda da kowa ya ɗauka an riga an gama da shi, wato cewa itatuwan ƙasar sun mutu, sai an kawo sababbi. Tambayar da ta taɓa wannan tushe ita ce wadda yaro ɗan shekara shida zai iya yi: wannan ɗan kurmin mene ne? A ganina nan ne darajar ƙaramar tambaya take. Babbar tambaya kan yi gini a kan abin da aka yarda da shi, ƙarama kuwa ita ke komawa ta duba ko abin da aka yarda da shi ɗin gaskiya ne. Shi ya sa take ba mutane dariya, domin tana taɓa abin da kowa ke ganin ya sani.

Akwai wani ɓangare na labarin da nake so ka riƙe sosai, domin ya shafi aikin da za ka yi in ka gama makaranta. Manoman Maraɗi ba su jahilci waɗannan kututture ba. Sun san wannan sabara ce, wancan kalgo, wancan geza, wancan magarya. Sun san suna tohowa, tunda su ke sare su kowace bazara. Barin itace a gona ma tsohuwar al'ada ce a wurinsu, kuma shi kansa Rinaudo ya sha faɗa cewa ba shi ya ƙirƙiro dabarar ba. Masana kuma sun san ƙasar na buƙatar itace. Rabin sanin yana hannun manomi, rabi yana hannun malamin gona, kuma shekara da shekaru babu wanda ya tambayi ɗan'uwansa. Malamin gona yana ganin bai kamata mai takardar shaida ya tambayi sunan ciyawa ba, manomi kuma yana ganin ba huruminsa ba ne ya tambayi dalilin da ya sa ake kawo masa baƙon itace a leda alhali ga na gida yana toho.

Dabarar da aka fito da ita, wadda a Nijar ake kira sassabin zamani, ba ta buƙatar komai sai adda mai kaifi. Kututture guda kan fitar da toho masu yawa, suna ta gasar ruwa da abinci, babu mai girma. Sai ka zaɓi mafi ƙarfi da miƙewa, daga ɗaya zuwa biyar, ka cire sauran, ka rage rassan gefe har kusan rabin tsayi, ka riƙa dawowa bayan 'yan watanni kana gyarawa. Tunda saiwar tsohuwa ce, ta riga ta yi zurfi ta san inda danshi yake, duk ƙarfinta sai ya koma kan 'yan tohon da ka bari. Cikin shekara biyu zuwa uku ka samu itacen da ya fi ka tsayi, ba ka sayi leda ba, ba ka ja guga ba.

Kada ka ɗauka da aka gano haka kowa ya rungume ta. Manoma kaɗan ne suka yarda suka gwada da farko, kuma sun sha dariyar da ta fi wadda aka yi maka. A lokacin, gona mai tsabta ita ce shaidar manomin kirki, wanda ya bar kurmi a gonarsa kuwa rago ne ko ƙazami. Da yunwar 1984 ta zo, aka haɗa dabarar da shirin ba da abinci a bakin aiki a ƙauyuka kusan ɗari, aka raya itatuwa wajen dubu ɗari biyar. Da aka daina rabon abincin, kimanin kashi biyu cikin uku aka sare su. Amma waɗanda suka bar nasu sun ga abin da ya faru: gero bai ragu ba, iskar farkon damina ta daina binne shuka da yashi yadda ta saba har a yi ta sake shuka sau biyu sau uku, ga itacen girki a kusa, ga ganye da 'ya'yan itace na dabbobi da rani. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. Gani ya kori ji.

Nan kuma wata ƙaramar tambayar ta sake tasowa: itacen da ke cikin gona, na wane ne? Dokar gandun daji ta zamanin Faransa ta 1935, da wadda Nijar ta yi a 1974, sun sa wasu itatuwa a ƙarƙashin kariyar hukuma ko da a gonar mutum suka tsiro. Manomi kan iya shan tara don ya sare reshen gawon da ke tsakiyar gonarsa. To wa zai raini abin da zai jawo masa rigima? Da ya ga ɗan gawo ya fito sai ya kawar da shi tun yana ƙarami. Dokar da aka yi don kare itace ita ce take hana shi girma. Sai da aka sasanta da ma'aikatan gandun daji a Maraɗi cewa wanda ya raini itace shi zai ci moriyarsa, daga baya kuma aka gyara dokar a 2004, sannan abin ya samu gindin zama. A ƙauyuka irin su Ɗan Saga mutane suka kafa kwamitocin tsaron itatuwa, har da mata da makiyaya a ciki, saboda masu zuwa da gatari da dare.

Kusan shekara ashirin abin yana yaɗuwa daga manomi zuwa manomi, manyan ofisoshi ba su san girmansa ba. Sai a tsakiyar shekarun 2000 Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka ya kwatanta tsofaffin hotunan sama na 1975 da sababbi, tare da Chris Reij ɗan ƙasar Holan da masana 'yan Nijar irin su Mahamane Larwanou. Suka ƙiyasta cewa fili mai faɗin hekta miliyan 5 ya farfaɗo, da itatuwa kusan miliyan 200, kuma hatsin da ake samu ya ƙaru da wajen tan dubu 500 a shekara. A yankunan Magarya da Matamai da Mirya na Damagaram kaɗai an samu kimanin hekta miliyan ɗaya, yawanci gawo, kuma galibin wannan manoma ne suka yi da kansu. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, shekarar da aka ba Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya inganta dabarar ramukan "zai", wato ƙananan ramukan shuka da ake zuba wa taki su riƙe ruwan sama. Duk wanda ya bi hanyar Jibiya zuwa Maraɗi, ko ta Daura zuwa Damagaram, yana iya ganin itatuwan nan da idonsa.

Tambayarka ta gawo ma ba ƙarama ba ce. Gawo ɗan dangin wake da gyaɗa ne, yana da ƙwayoyin halitta a saiwarsa masu kamo sinadarin naitirojin daga iska. Saiwarsa ta tsakiya tana nutsewa ƙasa sosai har ta kai ga ruwan ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa yake iya yin ganye shar a tsakiyar rani lokacin da komai ya bushe. Dabbobi kan taru a inuwarsa da rani suna cin 'ya'yansa suna zuba taki. Da ruwa ya sauka sai ya kaɗe ganyen, su ruɓe daidai lokacin da gero ke neman abinci, kuma babu inuwar da za ta tare wa shuka rana. Binciken da aka yi a Bambey ta Senegal tun shekarun 1960 ya nuna geron ƙarƙashin gawo yakan ninka na fili. Sarakunan Damagaram na da sun san darajarsa, har suka kafa doka mai tsauri kan sare shi. Ainihin abin da ke sa shi zubar da ganye a wannan lokaci kuwa, masana na kan bincikensa har gobe. Wato wanda ya ce maka tambayar 'yan firamare ce, da an ce ya tashi ya amsa, da ya ga nisan ta.

Mu koma kan dariyar, domin na san ita ce ta fi ci maka rai. An raine mu da kunya da girmama na gaba, kuma abu ne mai kyau da ba zan so mu rasa ba. Ana cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma sau da yawa haka ne. Amma in babba ya hango abu, hanyar da yaro zai san shi ita ce ya tambaya. Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, ta yaba wa matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Kuma a hadisin sahabin da aka ji wa rauni a ka, aka ce masa dole ya yi wanka, ya yi ya rasu, Manzon Allah (SAW) ya zargi waɗanda suka ba shi fatawa ba tare da sun tambaya ba, ya ce maganin rashin sani shi ne tambaya. Abin ƙi a wurinmu shi ne tambayar ƙure, wadda mutum ya san amsa yake son ya kunyata malami, ko wadda ake yi don a ja lokaci. Taka ba irin ta ba ce, kuma malami mai basira yana rarrabewa tun daga muryar mai tambaya.

Ga kuma wani ɗalibi da aka yi wa irin abin da aka yi maka. A 1963 Erasto Mpemba yana sakandare a Tanzaniya, ya lura cewa madarar askirim da ya sa a firiza da zafinta ta riga ta abokinsa mai sanyi daskarewa. Ya tambayi malami, aka ce ya ruɗe ne. A makarantar gaba ya sake tambaya, malamin ya mayar da abin ba'a, 'yan aji suka riƙa tsokanarsa da shi. Da wani malamin jami'ar Darussalam, Denis Osborne, ya kawo ziyara makarantarsu a Iringa, ya miƙe ya sake yin tambayar a gaban kowa. Osborne bai yi dariya ba, ya koma ɗakin gwaji ya sa aka gwada, a 1969 suka buga sakamakon tare da sunayensu biyu. Har yau ana muhawara a kai. Wasu masu bincike a Ingila sun sake gwaje-gwaje a 2016 suka ce ba su ga abin yana tabbata a ruwa ba in aka auna da kyau, wasu kuma sun ga makamancinsa a wasu abubuwan. Ko ma wa ya yi gaskiya, tambayar yaron nan ta sa an ƙara fahimtar yadda abu mai zafi yake hucewa. Ba sharaɗi ba ne sai zatonka ya zama daidai kafin tambayarka ta yi amfani.

Daga abin da nake gani a aji, in ɗalibi ɗaya ya yi ƙaramar tambaya, akwai da dama da suke ɗauke da ita a zuci, har da wasu cikin masu dariyar. Ina gane haka ne daga yadda biro ke motsi da zarar na fara amsawa. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne ɗalibin da ya haddace sunan kowane itace da Latinanci, ya ci jarrabawa, aka tura shi ƙauye, bai iya bambance kalgo da taramniya a fili ba, kuma girman kai ya hana shi tambaya. Irin wannan shi ke ba manoma shawarar da ke jawo asara.

Don haka ka ci gaba da tambaya, amma ka taimaki kanka. Ka riƙe ɗan littafi a aljihu, duk tambayar da ta zo ka rubuta, domin tambaya na saurin gudu. Kafin ka kai ta aji ka ɗan duba da kanka, sannan ka fara da abin da ka gani: Malam, na lura a gonarmu kaza da kaza, me ke kawo haka? Tambayar da ta taso daga abin da ido ya gani da wuya a raina ta. In malami ba mai son a katse shi ba ne, ka same shi bayan darasi. In ya ce maka bai sani ba, ka ƙara girmama shi, domin irin wannan malamin ne za ka iya dogara da shi ranar da ya ce ya sani.

Ka koyi tambayar manoma ma, domin nan ne rabin karatunka yake. Ka fara da gaisuwa mai kyau, ka zauna inda suka zauna, kada ka zaro takarda da biro tun ba a saba ba. Kada ka yi tambayar da ta ƙunshi amsarta, irin "Baba, ba ku ganin ya kamata a bar itatuwa?", domin zai ce maka haka ne don ya mutunta ka, ka tafi ba ka ƙaru da komai ba. Ce masa, "Baba, na ga kun bar wancan kun sare wannan, mene ne bambancinsu?" Sannan ka yi shiru ka saurara, ko da ya bi ta labarin kakansa kafin ya iso. Ka tambayi iyayenmu mata masu zuwa itace da ɗibar ganye, sun fi kowa sanin wane kututture ne ke toho da wuri, wanne ne hayaƙinsa ke yaji, wanne ne akuya ba ta taɓawa.

Tunda tambayar sharar gona taka ce, ka je ka nemo amsarta a gonarku. In an yi hutu kafin a fara sassabe, ka auna wani yanki, taku hamsin tsawo hamsin faɗi, ka ƙirga kututturen da ke da toho a ciki, ka rubuta sunan kowanne kamar yadda mahaifinka ya faɗa maka. Ka nemi izininsa ya bar maka wannan kusurwar. A kowane kututturen da ka zaɓa ka bar toho uku zuwa biyar masu ƙarfi, ka yi saran daga ƙasa zuwa sama da adda mai kaifi don kada ɓawon ya yage, ka ɗaura ɗan ƙyalle don masu noma su san da gangan aka bari. Ka auna wani yanki daidai da shi a gefe wanda aka share tas, mai irin ƙasarsa, a shuka iri ɗaya a rana ɗaya. Da kaka ka ƙirga damin da kowanne ya bayar, ka rubuta, ka kai wa malaminka. Damina ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba, saboda ruwa da taki da kwari kan sauya daga shekara zuwa shekara, don haka ka maimaita awon aƙalla damina uku a jere.